Ranar da Inna Ta Kalli Ɗan Farinta

Inna ta cika da hantsi, kafin la'asar an kai ta makwancinta a bayan ƙauyenmu da ke kusa da Nahuce. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ni ce autarta. Mu shida ta haifa, biyu muka rayu, ni da Yaya, wanda shi ne ɗan farinta. Ranar da aka yi jana'izarta Yaya bai zo ba, duk da an kira shi a waya tun tana shure-shuren ƙarshe, kuma daga Tsafe inda yake zaune zuwa gidanmu ba tafiyar yini ba ce.

Ina zaune a tsakar gida cikin mata ina karɓar gaisuwa, kunnena yana kwasar abin da ake faɗa. Gwaggo, ƙanwar marigayi Baba, ta gyara zama ta ce, "Allah shi jiƙan ta, Allah shi gafarta mata. Kyauta kam ba a hana ta. Sai dai hali, kowa da irin nashi."

Maƙwabciyarmu ta karɓe. "Shekara arba'in muna katanga guda da ita, wallahi in munka haɗu a hanya sai ta bi ta gabana kamar ba ta taɓa gani na ba. Sai na yi magana sannan ta fara washe baki."

Wata daga can gefe ta rage murya ta ce, "Shi ɗan farin bai iso ba?"

Aka ce mata, "Ina zai iso, bayan abin da anka yi mishi?"

Na ji kamar in tashi in kore su duka. Ina da baki, duk wanda ya san ni ya san haka, ko a makarantar firamaren da nake koyarwa a Gusau ba a cika ja da ni ba. Amma ranar na haɗiye, saboda gawar uwata ko sanyi ba ta gama yi ba, kuma saboda duk abin da suka faɗa ni ma na taɓa faɗa mata, har da wanda ya fi shi muni. Abin da na haɗiye ranar shi nake rubutawa yanzu. Ba na so a riƙa tuna Inna a matsayin matar da ba ta ganin kowa da gashi, wadda ta kalli ɗan da ta haifa ta ƙi shi.

Inna gajeriya ce, mai saurin tafiya, mai son awaki. Kowace akuya tata da sunanta, kuma ko garken unguwa gaba ɗaya ya cakuɗe a bakin rijiya, za ta miƙa hannu ta ce waccan mai farin goshi tawa ce, waccan mai tsagaggen kunne ɗiyarta ce. Amma mutum in ya tsaya a gabanta sai ta ce, "Ɗaga murya, ɗan albarka, kunnena ya tsufa." Kunnen da ke jin motsin ɓera a rumbu! Kowa a wurinta ɗan albarka ne ko ɗiyar albarka, ba ta kama suna sai mutum ya yi magana. Muna yara mun ɗauka salon magana ne kawai.

Akwai labarin da ake ba da shi a gidanmu ana dariya. Wata Sallah Baba ya je aski aka rage masa gemu, ya sa sabuwar riga da sabuwar hula, ya shigo gida bai yi sallama da ƙarfi ba. Inna ta ja mayafi ta rufe kai, ta ce, "Malam, maigidan ba shi nan, ka jira a zaure." Baba ya yi dariya har da riƙe ciki, ita ma ta yi, aka ce ai wasa take yi. Na girma kafin na tuna cewa ranar ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Tana yawan cewa, "Da can da ake yi ma mutane tsaga a fuska duniya ta fi sauƙi." Mukan ce Inna ke nan da son tsohon yayi. Biki kuwa ba ta zuwa in ta ji an fitar da anko. Da mata suka koma sa dogon hijabi iri ɗaya, sai ta rage zuwa suna da barka ma. Dangi suka ce ba ta da zumunci. Babban faɗanta da Gwaggo a kasuwar Bungudu aka yi shi. Gwaggo ta tsaya a gabanta tana murmushi tana jiran gaisuwa, Inna ta ce mata, "Baiwar Allah, ɗan matsa in wuce." Gwaggo ta biyo ta har gida tana cewa don an auro ta daga 'Yankuzo shi ya sa take ganin ta fi dangin miji. Inna ba ta kare kanta ba, haƙuri kawai ta yi ta bayarwa. Shekara biyu Gwaggo ba ta taka gidanmu ba.

Abin da ko masu zaginta ba su iya hana ta shi ne ƙwaryar baƙi. Wata ƙwarya ce babba da ta tsage aka ɗinke ta, kullum da fura a dame a ciki. Duk wanda ya yi sallama a bakin zaure, mai tallar gishiri ne ko makiyayin da ƙishi ya kama, sai ta zaunar da shi ya sha. Na taɓa yi mata faɗa cewa geron gidan nan a bakin baƙi yake ƙarewa. Ta ce, "Auta, ba ki san wa ke tsaye a ƙofarki ba." Na ɗauka wa'azi take yi mini, ashe halin da take ciki take faɗa.

Tsakaninta da Yaya kuwa kunya ce, irin kunyar ɗan fari ta mutanen da. Ana yaye shi aka kai shi wurin Kaka, mahaifiyar Inna, a 'Yankuzo, can ya girma. Inna ba ta taɓa kama sunansa ba. "Wancan" take ce masa. Ko wani mai irin sunansa ne ya zo, sai ta ce "mai sunan wancan." Ba ta zama inda yake, ba ta ɗaga ido ta dube shi. Da ya girma ya zama mai sayen hatsi a Tsafe, yakan zo duk bayan mako biyu a kan babur. Tun daga nesa take gane ƙarar babur ɗin, da irin sallamarsa mai ƙarfi kamar mai kiran salla, da yadda yake jan takalmin hagu. Kafin ya shigo ta shige ɗaki. Daga can za ta amsa gaisuwarsa a taƙaice, sannan ta aiko ni da dambun da ta tashi tun asuba ta yi saboda shi. Yaya yakan ci yana murmushi. Ya san kunya ce, bai taɓa ƙorafi ba.

Sai shekarar da mutanen daji, masu garkuwa da mutane, suka tare hanya tsakanin Tsafe da Gusau da rana tsaka, suka tafi da mutanen mota guda, har da Yaya. Wata huɗu yana hannunsu. Ba zan ba da labarin watannin nan ba, duk wanda ke zaune a ƙasar nan ya san irinsu. Abin da zan faɗa shi ne Inna ba ta yi kuka a gaban kowa ba, saboda uwa ba ta kukan ɗan fari a bainar jama'a. Azumin Litinin da Alhamis ta kama, ta daina cin dambu. In na tambaye ta sai ta ce ramuwa take yi.

Ranar da aka sako shi ina gida, hutu ya kama. Ba mu da labari. Wani mai babur ne ya ɗauko shi daga bakin titi, Yaya ya ce kafin a kai shi wurin matarsa da 'ya'yansa a fara kai shi wurin uwarsa. Bayan azahar ne, Inna tana bakin zaure tana shiƙar gero, ni ina cikin gida ina wanki. Yaya ya rame ya yi baƙi, gemu ya cika masa fuska, ba hula, ba takalmi, rigar jikinsa ma ta wani ce. Igiyar da suka riƙa ɗaure shi da ita a wuya ta lalata masa maƙogwaro, muryarsa ta koma raɗa, har yau ba ta dawo ba. Duk da haka mazan da ke zaune a gindin dalbejiya sun gane shi tun yana saukowa, suka miƙe suna salati.

Ya tsaya a gaban Inna ya yi sallama da wannan muryar. Ta ɗago kai ta dube shi sosai, ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta haife shi. Ta ce, "Sannu, bawan Allah. Ka sha tafiya. Zauna in kawo ma hura." Ta shiga ta ɗauko ƙwaryar baƙi ta miƙa masa.

Ya ce, "Inna, ni ne."

Ta yi murmushi irin wanda take yi wa kowa, ta ce, "Kowa Inna yake ce min, ɗan albarka. Kai ɗan wa ne?"

Daidai nan na fito da bokiti a hannu. Daga gefe na hango shi, na yar da bokitin na kwarma ihu, "Yaya!" Ya juyo ya dube ni, ya ajiye ƙwaryar a ƙasa a hankali, ko kurɓa bai yi ba. Ya ce, "Auta, gaya mata ɗan wa nike." Ya juya ya hau bayan mai babur. Mazan gindin dalbejiya suka bi shi suna kira, bai waiwayo ba.

Inna ta ce, "Wa ke nan?" Na ce, "Ɗanki ne!" Sai ta zauna a ƙasa cikin ƙaiƙayi. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, na tsaya a kanta na ce, "Wata huɗu yana hannun mutanen daji ba su kashe shi ba, ke kin gama da shi da ƙwarya guda. Wace irin uwa ce ke?" Wannan maganar tawa ita ce abin da na fi nadama a duniya.

Matar Yaya ce ta faɗa mini yadda ya ɗauki abin. Ya ce shekara hamsin ba ta dube shi ba, yana cewa kunya ce. Ranar da ta dube shi kuwa, ta gan shi a wulaƙance, sai ta tambaye shi ɗan wa ne a gaban mutane. A wurinmu in aka ce wa babban mutum "kai ɗan wa ne", kowa ya san abin da ake nufi. Ya ce yanzu ya gane ba kunya ba ce tun farko. Bai daina aiko mata da hatsi duk kaka ba, amma ƙafarsa ba ta sake taka ƙauyenmu ba.

Bayan wasu watanni na ce wataƙila yanar ido ce ta rufe mata gani, na kawo ta Gusau wurin likitan ido. Ya gwada ta ya ce idonta ya fi nawa kyau. Ta ma zura zare a allura a gabansa don ta nuna masa. Da na ba shi labarin abin da ya faru sai ya rubuta takarda ya tura mu wurin wani likitan, na ƙwaƙwalwa. Na ji haushi, na ce uwata ba mahaukaciya ba ce. Ya ce shi ma bai ce haka ba, mu dai je.

Likitan ƙwaƙwalwar mutum ne mai sanyin magana. Ya tambaye ta ranar mako, sunayen garuruwa, abin da ta ci jiya, duk ta amsa daidai har tana yi masa gyara. Sai ya karɓi wayata ya nemo hoton da muka ɗauka mu huɗu a makaranta, duk da hijabi iri ɗaya. Ya ce, "Inna, nuna mini autarki." Ina zaune kusa da ita, kafaɗata na taɓa tata. Ta dube ni, ta dubi hoton, ta daɗe, sannan ta ɗora yatsa a kan wata malama da ko kama ba mu yi. Ya nuna mata hotonta ita kanta, ta ce, "Wagga tsohuwa ta sha wahala, wace ce?" Daga nan ya ce in fita in aro hijabin wata ma'aikaciya in dawo, kada in yi magana. Na shigo na tsaya a gabanta. Uwar da ta goya ni ta dube ni ta ce, "Sannu da aiki, Malama." Kuka ya taso mini, na yi tari don in danne shi. Nan take ta ce, "Auta, mi kike yi cikin kayan mutane?"

Likita ya ce, "Inna, tun yaushe kike haka?"

Ta sunkuyar da kai. "Tun ina ɗiya ƙarama. Na taɓa bin wata mata daga rijiya har gidanta ina ce mata Inna, anka yi min duka anka ce iskanci ne. Ina ganin ido, ina ganin hanci, ina ganin baki. In na kau da kai sai su watse, in na sake dubawa kamar ban taɓa ganin su ba. Da na ɗauka kowa haka yake, mutane dai sun fi ni wayo. Daga baya na ce ko iska ce. Na sha rubutu a ɓoye har na gaji."

Ya ce mata ba iska ba ce, kuma ba hauka ba ce. Ya taɓa bayan kunnensa ya ce a cikin ƙwaƙwalwa, ta wajen nan, akwai wurin da aikinsa shi ne ya haɗa ido da hanci da baki ya ce wannan wane ne. A wurin yawancin mutane yana yin aikin kafin su ƙifta ido, shi ya sa ba su san ma akwai shi ba. A wurin wasu kuwa ba ya yi. Wasu da shi ake haifarsu, wasu kuma bayan shanyewar ɓarin jiki ko buguwa a kai yake samunsu. Ya ce in za a faɗa da Hausa sai a ce makantar fuska. Mai ita yana gani sarai, hankalinsa da tunaninsa lafiya lau, sai dai da murya da tafiya da tufafi da wurin da ya saba ganin mutum yake gane shi. In aka sauya waɗannan gaba ɗaya, ko ɗan cikinsa ne ba zai gane shi ba.

Na ce, "To awakinta fa? Cikin ɗari tana fitar da nata."

Ya ce, "Akuya ba ta sauya riga. Mai farin goshi jiya ita ce mai farin goshi gobe."

Na tambaye shi magani. Ya ce babu. Abin da za a yi mata shi ne duk wanda ya zo wurinta ya fara faɗin ko shi wane ne, kada a tsaya ana jira ta gane.

Muka kamo hanyar gida a mota har muka yi nisa. Sannan Inna ta ce, a hankali, "Ashe ba mugun hali ne gare ni ba." Shekara saba'in tana ɗauke da wannan, ita kaɗai, tana ba da haƙuri a kan laifin da ba ta san yadda take yin sa ba. Na kama hannunta na ce ta yafe mini. Ta ce, "Na yafe tun ranar. Ki gaya ma wancan."

Na kira Yaya na kwashe komai na faɗa masa. Ya saurara har na gama, ya ce, "Likita ya ce? To." Ya kashe waya.

Inna ta yi abin da uwa irin tata ba ta yi, ta ce in kai ta Tsafe. Muka tafi da safe, saboda hanya ba ta yarda a yi yamma. Na sanar da matarsa muna zuwa, don haka ya sani. Da muka sauka a ƙofar gidansa, maza huɗu suna zaune a kan benci, yana cikinsu. Na tsaya sauke ƙullin dambun da ta yo masa, ita kuma ta yi gaba da saurin nan nata. Na ɗago na ga Yaya ya kafe ta da ido, ya rufe baki da gangan, yana jira. Ta zo daidai gabansa, ta ɗan rusuna, ta ce, "Sannunku da hutawa, 'yan albarka." Ta shige cikin gida.

Ya dube ni ya ce, "Kin gani?"

Na ce, "Ai abin da likita ya faɗa ke nan! Da ka buɗe baki ka ce kai ne!"

Ya ce, "Na taɓa cewa ni ne." Ya tashi ya bar unguwar. Muka zauna da matarsa har azahar bai dawo ba, muka kamo hanya. A mota Inna ta tambaye ni ko yana gari. Na kasa yi mata ƙarya, na ce yana kan bencin nan. Ta ce, "Na wane gefe?" Na ce na biyu daga dama. Ta gyaɗa kai kawai. Ni kuwa na rantse a raina ba zan sake yi wa Yaya magana ba sai ya zo ya durƙusa a gabanta.

Ba a yi wata biyu ba maƙwabciyarmu ta kira ni a Gusau ta ce in zo, gigin tsufa ya kama Inna. Ta ce duk namijin da ya yi sallama a ƙofar gida, sai Inna ta fito da sauri ta kira shi da sunan Yaya. Sunan da ba ta taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa shi. Mata har suna toshe baki, wai tsohuwa ta zubar da kunya.

Na zo na same ta tana ba awaki dusa. Na ce, "Inna, lafiya kike?"

Ta ce, "Lahiya lau, hankalina ɗaya. Auta, in ya sake zowa ba ni gane shi, kin ji abin da likita ya ce. Muryar da na sani sun ɓata ta, tafiyar da na sani sun ɓata ta. To gara in kira sunan ga kowa. Ranar da ya zo ya iske shi."

Na ce, "Mutane suna cewa kin ruɗe."

Ta ce, "Sun ce girman kai na haƙura. Wanga ma na haƙura."

Shekara uku ta yi tana haka. Ta mai da tabarmarta bakin zaure, ƙwaryar baƙi a gefenta. Ni kuwa na san duk wannan ban gaya wa Yaya ba. Matarsa takan kira ni mu gaisa, sau da yawa maganar ta zo bakina in mayar da ita. Na ce bai cancanci ya sani ba, shi ya kamata ya fara zuwa. Ina ganin kamar fushi nake yi domin Inna, alhali ita ba ta roƙe ni in yi fushi ba. Da zazzaɓin da ya tafi da ita ya kwantar da ita, kwana biyar kawai ta yi. Ko a cikin kwanakin nan in ta ji sallamar namiji daga waje sai ta yunƙura ta kira.

Ranar addu'ar uku, da hantsi, Yaya ya zo. Ya zauna cikin maza a ƙofar gida, ni ina daga cikin zaure inda nake jin komai. Liman ya yi masa gaisuwa ya kama sunansa. Sai wani mai tallar gishiri da ya zo ta'aziyya ya juyo ya ce, "Af, kai ne mai sunan? Ai ni ma da shi tsohuwa ke kira na. Duk ranar da na zo sai ta fito da gudu ta kira, in ce ba ni ba ne, ta ce to zauna ka sha hura."

Mai yi wa dabbobi allura ya ce, "Ni ma haka."

Wani dattijon makiyayi ya ce, "Ni da na girme ta ma ta kira ni da shi. Na ce Inna, dubi furfurata. Ta ce ba ta san abin da daji ya mai da shi ba."

Can sai na ji muryar nan ta raɗa ta ce a kira masa Auta. Na fito bakin zaure. Shekara uku rabon da mu haɗa ido.

Ya ce, "Gaskiya ne?"

Na ce, "Gaskiya ne."

"Sunana? Da bakinta?"

"Da bakinta."

"Tun yaushe?"

"Tun da munka dawo daga Tsafe."

Ya dube ni ya daɗe. "Kin sani?"

Na ce, "Na sani."

Ya tambayi inda take zama. Na nuna masa tabarmar, ba a naɗe ta ba, ƙwaryar tana kife a gefe. Ya miƙe ya bi ta cikin mutane ya fita har bakin hanya, daidai inda mai babur ya taɓa sauke shi. Muka ɗauka tafiya zai yi. Sai ya cire hula ya cire takalmi, ya juyo, ya tako har bakin zaure ya tsaya a gaban tabarmar. Ya yi sallama. Babu wanda ya iya amsawa. Ya sake yi. Ya yi ta uku, ya tsaya yana jira, babban mutum mai furfura, hawaye na bin gemunsa.

Ban taɓa kama sunan Yaya ba, ƙanwa ba ta yi. Amma na kasa jure shirun nan. Na buɗe baki na kira shi, da ƙarfi, yadda na ji Inna tana yi.

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ba ke nike jira ba, Auta."

Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta, ya haɗa ta da ɗanta a inda za ta gane shi tun daga nesa. Mu biyun da ta bari, Allah ya yafe mana.